Hanya Ɗaya Dala 40: Me Ya Sa Ƙarin Layukan Gem ɗin Jirgin Ƙasa Ke da Tsada, Kuma Yaushe Ya Kamata Ka Saya?

Duk shekara in watan Agusta ya kama, masu buga gem ɗin tuƙin jirgin ƙasa ba sa samun barci. A watan ne kamfanin Dovetail Games na Ingila ya saba sanar da sabon Train Sim World, tare da sababbin hanyoyin da za su zo da shi, sannan a sake shi a Satumba. Haka aka yi a 2022, aka yi a 2023, da 2024, da 2025. Daga ranar sanarwa kuwa sai musu ya kaure: wace hanya ce ta fi, nawa za a sa mata, a biya tun yanzu ne ko a jira.

Wannan musun ya iso mu nan Kurmi. Tun da aka ƙaddamar da jirgin Legas zuwa Badun a 2021, samarinmu da yawa a Agege da Mile 12 da Sabo sun fara sha'awar harkar jirgin ƙasa. Wasu sun fara da ƙananan gem na waya, daga nan suka ga bidiyon Train Sim World a YouTube, ido ya buɗe. Ni ma ina cikinsu. Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Wai don Allah me ya sa bayan na sayi gem, kuma sai an ce in sake biyan kuɗi kafin in tuƙa wata hanya?" Ga amsar, gwargwadon yadda na fahimci kasuwar, da lissafinta a kuɗinmu na naira.

Mene ne ƙarin hanya?

Wannan gem ba irin na tseren mota ba ne da za ka taka wuta ka yi ta gudu. Za a zaunar da kai ne a kujerar direba, a cikin kan jirgin da aka kwaikwayo daga na gaske, maɓalli bayan maɓalli. Kai za ka saki birki, ka buɗe ƙofofi fasinja su shiga, ka kula da danja, ka kiyaye iyakar gudu, ka tsaya a tasha daidai inda aka sa alama kuma a kan lokaci. In tafiyar awa guda ce a zahiri, to awa guda za ka yi a zaune. Har na'urorin tsaro an saka: a hanyoyin Ingila akwai AWS, mai yin ƙara in kana tunkarar danjar da ba kore ba, in ba ka danna ka amsa ba jirgin ya taka birki da kansa. A Jamus akwai PZB da Sifa, waɗanda sun fi haka tsanani.

To, gem ɗin da ka saya yana zuwa ne da hanyoyi kaɗan, yawanci uku. Sauran duk daban ake sayar da su, ɗaya bayan ɗaya. Su ne ake kira DLC, wato kayan ƙari da kake saukewa bayan ka mallaki uwar gem ɗin. Kowace ƙarin hanya yanki ne na layin dogo na gaske, da tashoshinsa, da gadoji, da gine-ginen gefen hanya, da jirgi ɗaya ko biyu, da jadawalin zirga-zirga na yini guda. Akwai kuma ƙarin kan jirgi shi kaɗai, babu hanya, wanda ya fi araha.

Abin ya samo asali da daɗewa. Microsoft Train Simulator ya fito a 2001, kamfanin Kuju na Ingila ne ya haɗa shi. Daga baya Kuju ya yi Rail Simulator a 2007, wanda ya koma RailWorks a 2009, ya koma Train Simulator, yanzu kuma ana ce masa Train Simulator Classic. Masu shi su ne Dovetail Games da ke garin Chatham. A 2017 suka fito da Train Sim World a kan injin Unreal, da hanya ɗaya tak ta jiragen kaya a Amurka mai suna Sand Patch Grade. A 2023 kamfanin Focus Entertainment na Faransa ya saye Dovetail.

Tsohon Train Simulator ya yi suna da abu guda: ƙarin kayansa a Steam ɗaruruwa ne, in ka ce sai ka haɗa su duka a cikakken farashi, kuɗin ya haura dala 10,000. Mutane kan yaɗa wannan adadi don tsokana. Amma ba a yi kayan don mutum ɗaya ya kwashe duka ba. Wanda ya shiga Kara ba garken kasuwar gaba ɗaya ya zo saya ba, san da ya dace da aljihunsa ya zo nema.

Nawa ake sayarwa, kuma nawa ne a naira?

Shekarun baya farashin hanya ɗaya a Train Sim World ya fi tsayawa a fam 24.99, wato dala 29.99. Yanzu manyan hanyoyi da yawa sun koma fam 29.99, dala 39.99. Kan jirgi shi kaɗai yakan kai kusan dala 20. Sabon gem na shekara mai hanyoyi uku yakan kama wajen dala 50, sai kuma manyan ƙunshi masu ƙarin kaya da suka fi haka tsada.

A Steam babu farashin naira. Mutumin Afirka ta Kudu yana ganin farashi da kuɗin ƙasarsu, mu kuwa da dala za mu biya. Kafin watan Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, hanyar dala 40 ba ta kai naira 20,000 ba a wannan lissafin. Da aka saki naira ta yi ta faɗuwa, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Mu ɗauki 1,500 ɗin don sauƙin lissafi:

Hanyar dala 30 ta zama naira 45,000.
Hanyar dala 40 ta zama naira 60,000.
Kan jirgi na dala 20 ya zama naira 30,000.

Ka tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Kenan hanya ɗaya ta kusa cinye albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Baturen da ke ƙorafi a kan fam 30, kuɗin aikin awa biyu zuwa uku yake kuka a kai. Kai kuma da kake tsaron shago a Idi-Araba ko kake bin mota zuwa abbatuwa, guminka na makonni ne. Shi ya sa shawarar da za ka ji a bidiyon Turawa, ta "ai ya cancanci kuɗinsa", ba lallai ta yi maka aiki ba.

Kuma kuɗin bai tsaya nan ba. Akwai data: uwar gem ɗin gigabait goma-goma ce, kowace hanya kuma gigabait da dama, ga gyare-gyaren da ake turowa lokaci-lokaci, su ma sai ka sauke. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Akwai kuɗin canji in da katin dala na intanet ko katin kyauta na Steam za ka biya, domin mai sayar maka sai ya ɗora nasa. Akwai man janareta, tunda tafiyar awa ɗaya ba ta san an ɗauke wuta ba. Duk wannan a saman dala 40 ɗin ne.

Me ya sa suke tsada haka?

Da farko ni ma na ɗauka haɗama ce kawai. Da na bi yadda ake haɗa hanya ɗaya, sai na ga akwai dalilai, ko da ba duka ne za su gamsar da kai ba.

Na farko, aikin hannu ne mai yawa. Sai an je an ɗauki hotunan tashoshi da na jirgin ciki da waje, an naɗi ƙarar injinsa da ta birki da ta ham. Sai masu zane su gina kowace tasha, su dasa bishiyoyi da turakun wuta da gidajen da ake hangowa ta taga. Sai a shimfiɗa layin daidai da hawa da gangaren ƙasar, a dasa kowace danja a inda take a zahiri, a koya mata yaushe za ta ba da ja, yaushe kore. Sai jadawali: jirage ɗaruruwa a yini, kuma in ɗaya ya tsaya a inda bai dace ba, duk na bayansa sun maƙale. Wannan aikin watanni ne na mutane da yawa masu cin albashin Turai.

Na biyu, lasisi. Ba ka da ikon manna sunan kamfanin jirgi da tambarinsa da launinsa a kayan sayarwa sai da izininsa. Sai an zauna da Deutsche Bahn ko Amtrak ko wani kamfanin Ingila an daidaita. In ba a daidaita ba, ko dai hanyar ta fito da jirage babu tambari, ko a fasa ta gaba ɗaya.

Na uku, la'adar dillali. Duk wanda ya taso a gidan fatauci ya san ba duk kuɗin da mai saye ya ƙirga ne ke shiga aljihun mai dabba ba. A nan dillalin shi ne shagon intanet. Steam yakan ɗauki kashi 30 cikin 100, shagunan PlayStation da Xbox ma haka suke. Daga dala 40, dala 12 ta tafi, saura 28, tun ba a cire haraji ba. In kuma wani ƙaramin kamfani ne ya gina hanyar, kamar Rivet Games na Sikotland ko Just Trains ko Skyhook Games, to sai sun raba abin da ya rage da Dovetail.

Na huɗu, wanda a ganina shi ne babba: masu saye ba su da yawa. GTA V ya sayar da kwafi sama da miliyan 200, don haka ko an karya farashinsa riba na nan. Gem ɗin jirgin ƙasa kuwa na tsiraru ne, kuma tsirarun ma a rabe suke. Mai son Jamus ba ruwansa da Amurka, mai son jirgin kaya ba ruwansa da na ƙarƙashin ƙasa, mai son tsohon jirgin gawayi yana raina na lantarki. Kowace hanya wani yanki ne kawai na masu wasan zai saye ta, kuɗin aikin kuma a kansu za a raba. Kamar tirela ce daga Potiskum zuwa Legas: kuɗin mota ɗaya ne, in shanu 30 aka loda kowanne ya ɗauki kaɗan, in 10 ne kowanne ya ɗauki ninki uku.

Duk da haka masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar. Sau da yawa akan dawo da jirgin da ka riga ka mallaka, a canza masa fenti, a sa shi a sabuwar hanya a cikakken farashi. Akan saki hanya da tangarɗa, danja ta ƙi canzawa ko sauti ya lalace, a ce za a gyara daga baya, wani gyaran ya ɗau watanni. Kuma fitar da sabon gem kusan kowace shekara yana sa mutane jin ana tatsar su. Dovetail sun ɗan sassauta a nan: hanyoyin da ka saya suna bin ka zuwa sabon gem, kuma da Train Sim World 5 ya fito a 2024 sun ba da ƙunshin farawa kyauta.

Yadda ake kunna wa mutane ɗoki

Jiran sabuwar hanya shi kansa wani ɓangare ne na kasuwar. Tun 2020 Dovetail suke fitar da jerin abubuwan da ke tafe, yanzu kusan kowane wata. Za a fara da suna kawai. Bayan wani lokaci a saki hoto ɗaya ko biyu. Sai maƙala a kan jirgin, sai a nuna hanyar kai tsaye a YouTube ana saura kwanaki, sai a buɗe biyan kuɗi tun kafin fitowa, da ɗan ragi ko alkawarin shiga da wuri. A Train Sim World 5, waɗanda suka biya babban ƙunshi tun kafin fitowa sun shiga kwana biyar kafin sauran mutane.

Wani jiran yakan yi tsawo sosai. Jirgin gawayi bai shigo Train Sim World ba sai 2022, shekara biyar bayan fitowar gem ɗin, da hanyar Liverpool zuwa Crewe wadda aka tsara a kan shekarar 1958. Manhajar da ke ba mutum damar gina tasa hanyar a kwamfuta, an daɗe ana roƙonta, sai 2023 ta fito. Hanyar Tadami ta Japan, wadda Union Workshop suka gina, an fi shekara ana jiranta bayan sanarwa.

Matsalar dogon jira ita ce mutum yana gina hanyar a cikin kansa kafin a gina ta a kwamfuta. Ya riga ya ƙaddara za ta kai gari kaza, za a sa jirgi kaza, za a cika tasha da zirga-zirga. Ranar da ta fito ya ga an yanke ta a tsakiya, sai ransa ya ɓaci, alhali ba wanda ya yi masa alkawarin abin da ya ƙaddara. Ɗokin kuma shi ke sa hannu ya yi saurin zuwa aljihu. Mahaifina yana da ƙa'ida a kasuwa: ba ya cinikin sa yana cikin mota. Sai an sauke shi, ya taka ƙasa, ya zagaya shi, ya ga tafiyarsa, ya duba haƙori. Biyan kuɗin hanya kafin ta fito, cinikin sa a cikin mota ne. Kuma a nan babu ma dalilin gaggawa, domin kayan intanet ba ya ƙarewa. Ba za ka zo gobe a ce wani ya riga ka ba.

Yaya za ka auna hanya kafin ka biya?

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna hanya da tsawonta kawai. Ga misali biyu. Hanyar Kassel zuwa Würzburg ta Jamus, wadda ta zo da Train Sim World 3, tsawonta wajen kilomita 186 ne, kusan daidai da Abuja zuwa Kaduna. Jirgin ICE yana gudun kilomita 280 a awa a kanta. Amma tashoshin fasinja uku ne kacal, kuma babban ɓangaren tafiyar a cikin ramukan ƙarƙashin duwatsu ake yin sa. Layin Bakerloo na Landan kuwa kilomita 23 ne kawai, amma tasha 25 gare shi, kowane minti biyu kana birki kana buɗe ƙofa. Wanne ya fi? Ya danganta da abin da kake so, amma ka ga tsawo shi kaɗai bai ba da amsa ba. Hanyar Arosa ta Suwizalan ma ba ta wuce kilomita 26 ba, sai dai tana hawa sama da mita 1,000 a kan dutse, wahalarta a birki take lokacin gangarowa.

Abubuwan da ni nake dubawa su ne:

Yawan tafiye-tafiyen da ke cikin jadawali, da bambancinsu. Tafiya 300 da duk iri ɗaya ce, daga nan zuwa can a dawo, ba ta kai 150 da ta haɗa mai tsayawa kowace tasha, da mai wucewa, da na kaya, da jere taragu a yadi ba.

Jirgin da ya zo da ita sabo ne, ko wanda kake da shi ne aka sake wa riga?

Nawa ne daga cikin jadawalin zai buɗe maka da abin da ka mallaka? Wannan shi ne tarkon da ya fi kama sababbi. A gem ɗin nan, hanya tana aron jirage daga wasu hanyoyin da ka saya. Mai nuna ta a YouTube yana da komai, don haka tasharsa cike take da jirage kala-kala. Kai da ka saye ta ita kaɗai, sai ka tarar da tashar fayau kamar kasuwa ranar da ba ta ci. Kafin ka biya, ka nemi jerin abin da hanyar ke buƙata daga wasu hanyoyin. Wannan ne ma ya sa ya fi kyau mutum ya zaɓi ƙasa ɗaya ya tsaya a kanta, tunda hanyoyin Jamus suna ciyar da juna, na Ingila ma haka.

Na'urarka za ta ɗauka? Hanya mai cunkoso tana wahalar da tsohuwar kwamfuta da tsohon PlayStation 4. Ka duba ko ta fito a irin na'urarka, ka kuma nemi bidiyon wanda ya buga ta a kanta.

Sai lissafin ƙarshe: raba kuɗin da awannin da kake ganin za ka yi a kanta da gaske. Naira 60,000 a awa 60, naira 1,000 kenan kowace awa. In sau uku za ka tuƙa ta ka gaji, kowace tafiya ta tashi a naira 20,000, kuɗin da ya fi na tikitin jirgin gaske daga Ebute Metta zuwa Moniya.

Yaushe ne lokacin saye?

Duk ɗan Kara ya san farashin rago ana jibi Sallah daban yake da na bayan Sallah da mako guda. Ragon bai canza ba, ɗokin masu saye ne ya sauka. Hanyoyin gem ma haka suke. Ranar fitowa ita ce jajibirinsu.

Steam yana yin babban rangwame sau da yawa a shekara, manyan su ne na ƙarshen Yuni da na ƙarshen Disamba, akwai kuma na bazara da na kaka. Shagunan PlayStation da Xbox ma suna yin nasu. Hanyar da ta shekara ɗaya ko biyu takan sauko da rabin kuɗinta, wani lokacin fiye. Kuma a lokacin an riga an gyara mafi yawan tangarɗarta. Mai haƙuri ya biya ƙasa, ya samu kaya mafi kyau. Ka sa hanyar a jerin abin da kake so a Steam, za su turo maka saƙo ranar da aka rage mata kuɗi.

Sari ma ya fi sayen ɗai-ɗai. Gem na shekara mai hanyoyi uku a dala 50, kowace hanya ta tashi ƙasa da dala 17. In sabo ne kai, nan ya kamata ka fara, ko ma ka jira shi ma a yi masa ragi. Train Sim World 5 ya zo da Landan Euston zuwa Milton Keynes, da Frankfurt zuwa Fulda, da layin San Bernardino na Kalifoniya. Waɗannan ukun kaɗai sun ishe ka watanni.

Ka kuma san haƙƙinka. A Steam kana iya neman a mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14, muddin ba ka buga gem ɗin sama da awa biyu ba tun da ka sayi ƙarin. Don haka da ka sauke, ka gwada ta nan take da agogo a hannu. A PlayStation abin ya fi tsauri, da zarar ka fara saukewa mayar da kuɗi ya yi wuya.

Gargaɗi biyu. Abin da ka saya a Steam ba ya bin ka zuwa PlayStation ko Xbox, kuma kayan Train Simulator Classic ba sa aiki a Train Sim World, gem biyu ne daban duk da kamfani ɗaya ne. Sannan ka yi hattara da masu tallar asusu mai "duk hanyoyi" a kuɗi kaɗan a WhatsApp ko Telegram. Sayar da asusu ya saɓa dokar shagunan, mai shi na asali yana iya karɓe abinsa ko a rufe shi, kuɗinka ya bi ruwa, ba kuma inda za ka kai ƙara.

In aljihu bai kai ba sam, akwai mafita. Open Rails kyauta ne, yana karanta kayan tsohon Microsoft Train Simulator, kuma ba ya buƙatar babbar kwamfuta. Mutanen Indiya sun gina hanyoyin ƙasarsu da yawa a kansa. Akwai SimRail na ƙasar Poland da ya fito a 2023, mai doguwar hanya daga Katowice zuwa Warsaw a cikin kuɗin farko, kuma ana buga shi tare da wasu ta intanet, wani na tuƙi wani na ba da hanya.

To ina tamu hanyar?

Wannan tambayar ba ta ƙarewa a cikinmu: yaushe za a sa Legas zuwa Badun? A takarda ta dace sosai. Kilomita 157 ce, daga tashar Mobolaji Johnson a Ebute Metta, ta Agege, ta Abeokuta, zuwa tashar Obafemi Awolowo a Moniya, ga jiragen kwantena daga Apapa, ga Jan Layin Legas da ke bin gefenta daga Oyingbo zuwa Agbado. Wasu ma Legas zuwa Kano suke mafarki, tsohon layin da ya fi kilomita 1,100, wanda kakanninmu suka riƙa lodin shanu da gyaɗa a kansa zuwa Kudu.

Amma ka koma kan lissafin tirelar nan. Hanyoyin Train Sim World kusan duk na Ingila ne da Jamus da Amurka, sai ɗaiɗaiku daga Ostiriya, Suwizalan, Faransa, Kanada, Holan da Japan. Dalili kuwa can masu biya suke. Babu ta Afirka ko ɗaya a cikinsa, sai a tsohon Train Simulator ne ake da ta Afirka ta Kudu, irin su Outeniqua Choo Tjoe. Kamfani ba zai kashe kuɗin watanni a kan hanyar da masu sonta ba za su iya biyan dala 40 ba. In hanyar Nijeriya za ta samu, na fi zaton daga hannun yaranmu za ta fito, waɗanda za su zauna su koyi manhajar gina hanya, kamar yadda 'yan Indiya suka yi wa kansu.

Kafin nan ga wani abu da zai ba ka sha'awa. Jirgin HST na Ingila, wanda ake kira InterCity 125, ya fara aiki a 1976 yana gudun mil 125 a awa. Da Ingila ta fara yi musu ritaya, an sayar da wasu zuwa Meziko, wasu kuma aka kawo su Nijeriya don Jan Layin Legas. Irin wannan jirgin yana cikin Train Sim World tun 2017, a hanyar Great Western Express daga Landan Paddington zuwa Reading. Tsohuwar hanya ce, don haka tana yawan shiga rangwame. Wanda ke son ya ji yadda kujerar direban irin jirgin da ke ratsa Agege take, daga nan ya kamata ya fara, kuma ba sai ya biya kuɗin sabuwa ba.

Shawarata ga ƙannena da ke tara kuɗi saboda sanarwar da suka gani: ku bar ta ta fito tukuna. Ku ba ta mako biyu, ku kalli bidiyon waɗanda suka saya da kuɗinsu, ku duba jerin jiragen da take aro, ku buga lissafin da naira. In har bayan wannan ranku na kanta kuma kuɗin ba na jari ba ne ko na cefanen gida, to bismillah. In kuwa akwai shakka, Disamba ba nisa, hanyar tana nan ba inda za ta. Wanda ya riga ya sayi wata kuma, ya faɗa mana wacce ce da nawa ya biya, da ko ta biya shi, don na baya su amfana. Allah ya sa mu dace.